Ƙunshi Ukun da Ban Kai Gidan Waya Ba

Ban yi boko mai nisa ba, a aji huɗu na tsaya. Wanda yake neman daɗin baki sai ya nemi wani. Ni abin da ya same ni a Doha, can ƙasar Larabawa, zan faɗa, yadda ya faru, har da wurin da ban fito da kyau ba.

Na sauka ƙasar ina da shekara arba'in da 'yan kai, a shekarun nan da duk inda ka juya gini ake yi. Wanda ya kawo ni ɗan garinmu ne, Alhaji Tanko. A zauren mahaifina ya zauna, ya sha ruwanmu, ya rantse da Allah cewa motar kamfani zan tuƙa, ɗaki ni kaɗai. Da na iso sai na tarar da gadi a ƙofar wani dogon bene a unguwar Sadd, tsayuwa tun safe har rana ta faɗi. Fasfo kuwa tun a cikin mota kafil, wato Balaraben da takardun zamana suke hannunsa, ya miƙo hannu ya karɓe. Ɗakin da aka ce ni kaɗai, mu shida ne a ciki, a unguwar Muntaza, gado bisa gado. Lambar Alhaji Tanko ba ta sake shiga ba.

Tun daga nan na yanke wa kaina hukunci. Balarabe ya daka mini tsawa, na ji. Ba'indiye ya rage mini awo a kanti, na gani. Amma duk wanda ya tare ni da sallama cikin Hausa mai daɗi, da shi zan yi hattara.

Wata takwas ina ƙofar nan. Wata ranar Laraba wani mutum ya fito daga asibitin ido da ke ƙasan benen, dogo, siriri, da furfura a gemu, an rufe masa ido ɗaya da auduga. Ya ji ina zagin wani mai tasi da ya tare ƙofa, da Hausa nake zagin don na san ba ya ji. Sai ya tsaya.

"Malam, uwarsa ba ta yi maka komai ba," in ji shi. "Daga ina?"

Na ce daga wajen Haɗeja. Ya ce shi Bazazzage ne, sunansa Dakta Sabo, yana koyar da ilimin tsirrai a nan. Likita ya hana shi tuƙi, yana neman direba. Ya tambaye ni ko na iya mota. Na ce shekara goma sha biyar na yi ina jan bas tsakanin Haɗeja da Kano. Cikin sati biyu ya gama magana da kafil, aka ba shi arona. Haka ake yi da mu, kamar jaki.

A ɗakinmu akwai Sale, mutumin Gashuwa, shi ma mai gadi, ya riga ni zuwa da shekara shida. Gadonsa ne a saman nawa. Da na ba shi labari sai ya leƙo da kai.

"Garba, Bahaushe mai digiri ya gan ka a ƙofa, haka kawai ya ɗauke ka? Ƙanen babanka ne?"

"A'a."

"To buɗe ido."

Aikin bai da wuya. Safe in ɗauke shi daga gidansa a Bin Mahmud in kai shi makaranta, yamma in dawo da shi. Iyalinsa suna Zariya. Ranar Asabar ce ta daban. Tun da asuba muke fita bayan gari, bakin teku, yana duba wata takarda da ke gaya masa lokacin da ruwa zai janye. In mun isa sai ya naɗe wando har gwiwa, mutum da girmansa, ya shiga laka da bokiti, yana tsintar ciyawar teku. Wata kamar gashin tsohuwa, wata kamar ganyen latas, wata ja mai yauƙi. Ni ina tsaye a kan tudu riƙe da takalmansa.

Ita ciyawar teku ban san ta ba, ba ta dame ni ba. Amma ran nan a hanyar dawowa ya ce in tsaya kusa da wata gona, inda bututun ruwa yake yoyo. Ya durƙusa a gaban wata ciyawa, ya fito da gilashi yana leƙa kanta. Na matso. Wallahi aya-aya ce. Aya-ayar nan da ta cinye mana fadama, wadda mahaifina ya mutu yana tsine mata, ka nome ta yau jibi ta fito tana yi maka dariya. Ita ce Dakta ya yanko da almakashi, ya kwantar a cikin jarida kamar jinjiri.

"Ranka ya daɗe, me za a yi da wannan?"

"Turai za ta," in ji shi.

Na ja motar har gida. Amma zargi ya shiga raina.

Falonsa ba falon mutane ba ne. Kujera ɗaya ce, sauran duk jaridu ne da katako. Ciyawar teku sai ya zuba ta a faranti mai faɗi cike da ruwan gishiri, ya zura farar takarda a ƙarƙashinta, ya baje rassanta da tsinke, sannan ya ɗago takardar a hankali. Da kanta take mannewa, ba gam. Ya rufa mata ƙyalle, ya sa tsakanin jaridu, ya danne da katako ya ɗaure da bel. Kullum sai an canja jaridun har ta bushe. Ba a jima ba wannan ya zama aikina. Ban ƙi ba, akwai sanyi a falon.

Abin da ban so ba shi ne wata gwangwani da ke kan firij. Farin abu ne a ciki, ƙwaya-ƙwaya kamar sukari. Na ga yana ɗiba da cokali yana ƙullawa a 'yan ledoji. Bai taɓa ce mini ga abin da yake ba, ni ma ban tambaya ba.

Sai kuma wasiƙu. Yana da wani kumburarren fayil na hoton tsofaffin wasiƙu, rubutun hannu kamar tafiyar tururuwa. A mota yake karantawa da idonsa mai kyau, yana dariya shi kaɗai, in abin ya yi masa daɗi ya juya mini da Hausa. Wai wasu Turawa ne biyu, kusan shekara ɗari biyu da suka wuce. Ɗaya likita ne a wani gari cikin duwatsu, shi ya san dangin aya da kajiji. Ɗayan malamin makaranta ne a bakin teku, shi ya san ciyawar ruwa. Ba su taɓa ganin juna ba. Wannan ya busar da abin da bai gane ba ya aika wa wancan, wancan ya duba ya rubuto sunansa, ya haɗo da nasa abin da ya gagare shi. Wasiƙa sai ta yi wata biyu a hanya. Kuma ba su da aiki sai gardama. Na dutse ya ce ciyawar da aka aiko masa iri kaza ce, na teku ya ce a'a, ya sake ƙirga ganyen da ke ƙarƙashin furen. Na dutse ya ce to a daina aiko masa da kai babu gindi.

"Shekara goma suna kan ciyawa ɗaya, Malam Garba! Goma!"

"Ba su da gona ne, ranka ya daɗe?"

Ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya ce shi ma yana da tasa abokiyar gardamar, wata tsohuwa a Turai da ta koyar da shi, yanzu ta haura tamanin, ta yi ritaya. Ba ta taɓa kwamfuta, kunnenta kuma ya yi nauyi, waya ba ta yi mata amfani. Sai wasiƙa. Duk abin da ya gagare shi, ita yake aika wa.

Na ce a raina, tsohuwa. To.

Ni yake aike gidan waya, saboda lokacin yana aji. Ƙunshin a rufe yake ba ni, an naɗe shi da salatif ta ko'ina. A can sai sun karɓi katin zamana na ƙasa, su rubuta lambata, in sa hannu a takardar da ta ce ga abin da ke ciki. Na farko ya wuce lafiya. A na biyu ma'aikacin ya ɗaga ƙunshin ya girgiza kusa da kunnensa. Abu ya yi kacau-kacau a ciki. Ya dube ni, ya dubi katina, ya sake dubana. Ya daɗe. Sannan ya buga hatimi ya ce, "Yalla," wato in wuce.

Da na fito rigata ta jiƙe, ba don rana ba.

Na gaya wa Sale. Yana cin burodi da shayi, ya ajiye kofin.

"Tsaya. Sunan wa ke jikin takardar?"

"Nawa."

"Lambar wa?"

"Tawa."

"Shi ya taɓa zuwa da kansa?"

"A'a."

"Yana tambayarka rasit?"

Bai taɓa tambaya ba.

"Kai Garba, da furfurarka! Wa ka taɓa ji ya aika aya-aya Turai a jirgin sama? Ciyawar nan rufi ce. Farin abin nan shi ne kayan. Ran da kare ya shinshino, Dakta yana aji da allinsa, kai kana ina?" Ya ba ni labarin wani mutumin wajensu da aka ba jaka ya riƙe wa wani a filin jirgin wata ƙasar Larabawa, har yau matarsa ba ta san ko takaba za ta yi ba.

Ina da 'ya'ya biyar a gida. Babbar ta isa aure, ƙaramin bai san fuskata sosai ba. Ban zo ƙasar mutane don in ruɓe a kurkuku saboda ɗan boko ba.

Na auna abin ta kowane gefe. In na ce ba zan kai ba, ya mayar da ni wa kafil, kafil kuwa ko ƙofar Sadd ko jirgi. In na buɗe, na zama wanda ya gani. In na zubar, kuma kaya ne masu tsada, masu shi ba za su bar ni ba. Saboda haka da ya ba ni na uku, na zagaya gari na dawo Muntaza, na sa shi a baƙar leda, na tura ƙarƙashin gadona can jikin bango. Kuɗin aikawar na ɗaure a jikinsa, ban taɓa ba, ni ba ɓarawo ba ne. Da yamma ya ce, "An kai?" Na ce, "An kai, ranka ya daɗe."

Haka na yi da na huɗu. Haka na yi da na biyar.

Wata shida ke nan ina kwana a kan abin da nake tsoro. In na ji jiniya a titi sai in leƙa ƙarƙashin gado. Shi kuwa mutumin bai canja mini ba. Azumi ya zo, kullum sai ya tsayar da ni mun sha ruwa tare, shi yake dama kunu da hannunsa. Da ƙaramin ɗana ya kwanta zazzaɓi, wayarsa ya miƙo mini ya ce in kira gida in yi magana har in gaji. Ina karɓa ina godiya, ina cewa a raina, haka Alhaji Tanko ma ya fara.

Sai ya fara ramewa da jira. Duk Alhamis sai mun biya akwatinsa na gidan waya, ya shiga ya fito hannu wofi. Da farko ya ce ƙila ba ta da lafiya. Daga baya ya daina cewa haka. Wata rana a mota ya ce, kamar da kansa yake magana, a cikin ƙunshi na ukun nan akwai wata jar ciyawar teku da bai taɓa ganin an rubuta ta daga wannan gaɓar ba. Ya ce Bature Bature ne, ko ya tsufa. Wa ya sani ko ta ga abin ya yi kyau ta ba wani ɗalibinta ya sa sunansa.

Na ci gaba da tuƙi.

Ya buɗe fayil ɗinsa ya ce ai tsofaffin nan ma haka ta faru da su. Na dutse ya aika akwati guda na ciyayin da ya yi damina uku yana tarawa. Shiru. Shekara ta zagayo, shiru. Ya rubuta wasiƙa mai zafi, ya ce an cinye masa wahala. Na teku ya mayar da wadda ta fi ta zafi, ya ce bai ga akwatin kowa ba, kuma ba a taɓa kiransa ɓarawo ba sai yau. Suka yanke hulɗa. Sai bayan na teku ya mutu aka tsinci akwatin a rumbun wani ɗan dako, ko buɗe shi ba a yi ba.

"Me ya sa ɗan dakon ya ajiye?" Bakina ne ya tambaya, ba ni ba.

"Wa ya sani? Ko sunansa babu wanda ya rubuta."

Saura kaɗan in hau kan shataletale. Wani Balarabe ya danna mini oda kamar zai tsaga titi.

Alhamis biyu bayan haka ya fito daga gidan waya da 'yar ambulan shuɗiya. Bai jira mun tashi ba, a mota ya farke. Na ga yana karantawa, ya koma farko, ya sake. Sannan ya ce, murya ƙasa-ƙasa, tsohuwar ce. Tana tambaya ko ta yi masa laifi ne, wata shida ba ta ji daga gare shi ba. Ta ce idonta yana tafiya, likita ya ce kafin sanyi ya wuce ba za ta iya leƙa gilashi ba. In yana da abin da yake so ta duba, ya hanzarta.

Ya ninke takardar. Kunya ta kama shi, na gani a fuskarsa, saboda abin da ya faɗa a kanta.

"Ba su isa ba, Malam Garba. Duka ukun. Kashe motar, zo mu shiga. Kai ka san tagar da kake bayarwa, su duba da lambarka."

Ya buɗe ƙofa ya sa ƙafa ɗaya a waje. Na riƙe sitiyari da hannu biyu.

"Ba sai mun shiga ba, Dakta."

"Kamar yaya?"

"Suna ƙarƙashin gadona."

Ya mayar da ƙafarsa cikin mota. Ya rufe ƙofar a hankali. Na fi son da ya zage ni.

"Mu je," kawai ya ce.

Bai taɓa zuwa ɗakinmu ba. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon gadaje shida, da igiyar shanya, da risho a ƙasa. Sale yana nan, ranar ba shi da aikin rana. Da ya ga wanda na shigo da shi sai ya diro daga gado ya tsaya kusa da ƙofa, takalmi a hannu.

Na durƙusa na jawo ledojin. Tun kafin su fito na ji warin. Na'urar sanyaya ɗakinmu tana ɗiga ta jikin bangon nan, ban taɓa kawo wa raina ba. Ledar ƙasa ta tara ruwa.

Dakta ya zauna a gadona ya yanke salatif da makullin mota. Na ukun, wanda ya fi daɗewa, kwalin ya zama kamar tuwon jiya. Takardun sun manne da juna, sun yi baƙi da kore. Ya gwada ɓare ɗaya, ta rabu biyu a hannunsa. Na huɗun ma haka. Na biyar ne kaɗai ya tsira, da yake shi ne a sama, kuma aya-ayar nan ce a ciki, da wasiƙa.

Sale ya nuna 'yan ledojin farin abin da baki. "To wannan fa, ranka ya daɗe?"

Dakta ya dube shi, ya dube ni. Sai a lokacin ya gane. Ya farke leda ɗaya, ya kamo hannun Sale ya zazzage masa a tafi.

"Irin wanda ake sakawa a kwalin sabon takalmi ne. Danshi yake sha, don kada ganye ya ruɓe. Ya sha iyakar ƙarfinsa, ruwanku ya fi shi yawa."

Sale ya tsaya da abu a hannu, ya rasa inda zai zuba. "Ai dama na ce wa Garba ya bincika," in ji shi.

"Sale," na ce, "fita."

Ya fita.

"Wata goma sha huɗu muna tare," in ji Dakta. "Mun ci a kwano ɗaya. Me ya hana ka tambaye ni?"

"Wanda ya kawo ni ƙasar nan ma na tambaye shi, ranka ya daɗe. Har rantsuwa ya yi."

"Ni ne shi?"

"Ban sani ba a lokacin. Sunana ne a takardar, ba naka ba."

Ya daɗe yana kallon ruɓaɓɓun takardun. Sannan ya tattara su duka, har waɗanda suka lalace, ya ce in tashi mota.

Na san inda za mu. Ofishin kafil yana bayan Sadd. Kalma ɗaya ta ishe shi, halas, wato shi ke nan, a soke takarduna, in koma Haɗeja da jakar da na zo da ita. Ina tuƙi ina shirya abin da zan gaya wa uwargida. Da muka zo mararrabar na sa sigina.

"Miƙe," in ji shi.

Muka fita gari. Ya kai ni gaɓar da muka ɗebo jar ciyawar nan wata bakwai da suka wuce. Ban gane wurin ba. An kewaye shi da kwano, manyan motoci suna shiga da duwatsu suna fitowa wofi. Inda Dakta yake shiga laka har gwiwa, yanzu fili ne, an daddaɓe, har an kafa sanduna. Tekun ya koma can nesa.

"Nan ne," ya ce. "Tun bazara suka cike shi. Wadda ke cikin ledarka ita ce kaɗai shaidar cewa ta taɓa fitowa a nan."

Na ce, "Allah ya ba ka haƙuri." Na san maganar ba ta kai ko'ina ba, amma ita ce da ni.

Muka tsaya cikin rana muna kallon motoci har mai gadin wurin ya zo ya kore mu.

A hanyar dawowa muka zo ta gonar nan mai yoyon bututu. Ban san abin da ya sa na taka birki ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, wadda ta tsira ɗin nan, me kake so tsohuwar ta gaya maka a kanta?"

Ya ce, cikin gajiya, furenta ne ya rikita shi. Launin bai yi duhun na aya-aya ba, bai yi hasken na aya ba. Yana so ta raba masa.

Na fita. Na sa makullin taya na tona gindin, na bi saiwar a hankali kada ta tsinke. Ta fito da 'ya'ya huɗu a jere, baƙaƙe, ɗaya na riƙe da ɗaya kamar carbi. Na goge ɗaya a riga na gartsa, na tofar. Na miƙa masa wani.

"Aya ɗaiɗai take 'ya'ya, a bakin saiwa, kuma da zaƙi. Wannan tauna ka ji."

Ya karɓa yana juyawa. "Na san haka a littafi," ya ce. "Ban taɓa sawa a baki ba." Ya tauna. Fuskarsa ta tattare gaba ɗaya, ya tofar, ya sake tofarwa, ya nemi ruwa.

"Tsofaffinka da sun aika wa juna gindin, da ba su yi shekara goma ba," na ce.

Bai yi dariya ba. Amma ya ce in tono wata da saiwarta duka, kada in tsinke ko ɗaya.

Bai kai ni wurin kafil ba, ranar ko bayanta. Bai kuma ce ya yafe ba, ni ma ban matsa ba. Da ciyawar ta bushe, a gabana ya haɗa ƙunshin, yana ɗaga kowane abu in gani kafin ya saka, ba tare da ya dube ni ba. Ya bar aji ya bi ni gidan waya, ya shiga layi da kansa, ya miƙa katinsa, ya sa hannu. Har na bar ƙasar, shekara uku bayan haka, ban sake sa hannu a takardar ƙunshi ba. Rasit kuwa tun daga ranar yake karɓa ya adana.

Amsa ta zo bayan sati bakwai, rubutun manya-manya, ya karkace. A mota ya karanta mini. Ta ce aya-aya ce, direbansa ya yi daidai. Ta ce jar ciyawar ta so ta gani, amma ba rabo. Dakta ya gaya mata komai ashe, har ledar da gadon. Ta ce ta yi shekara hamsin tana karanta wasiƙun tsofaffin nan, kullum tana jin haushin ba wanda ya rubuta sunan ɗan dakon, balle a ji nasa dalilin. Wannan karon tana so a rubuta. Ya aiko mata da cikakken sunana da garinmu, za ta sa a jikin takardar ciyawar, a matsayin wanda ya tono ta, a ajiye a ma'ajiyarsu inda takardun tsofaffin suke.

Dakta ya ciro biro daga aljihu. "Garba wa?"

Na dubi biron. Na dubi ambulan ɗin.

"A ajiye har yaushe, ranka ya daɗe?"

"Har abada. Shekara ɗari biyu ma wani zai gani."

"Da sunana da garinmu, a ofishin Turawa."

"Ƙwarai."

"A'a," na ce. "Ka rubuta direba."

"Malam Garba, girmamawa ce fa."

"Na gode. Ka rubuta direba."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya girgiza kai, ya rubuta. Wasiƙarta ta gaba ba ita ta rubuta ba, 'yarta ce, idon ya tafi.

Yanzu ina gida, na koma fadamar mahaifina. Aya-aya tana nan, ta fi da yawa. Wani lokaci in na tono ta da 'ya'yanta a jere sai in tuna akwai 'yar'uwarta a wata ƙasa mai sanyi, kwance a farar takarda, an rubuta direba a ƙasanta. Ƙaramin ɗana ya taɓa tambayata me ya sa ban bari an sa sunana ba. Na ce masa ya ci gaba da noma.